Haƙuri Gina Shi Ake Yi: Yadda Sassan Ƙwaƙwalwa Ke Haɗa Kai Wajen Sarrafa Fushi Da Tsoro



Sharhinmu na yau ya tsaya ne kan wata tambaya da kowane gida ya san ta. Me ya sa wani ana taka shi zai kau da kai ya wuce, wani kuwa harara kaɗai ta isa ta sa ya tuɓe riga? Uwa ɗaya uba ɗaya, a ƙwarya ɗaya suka ci tuwo, amma wannan an san shi da sanyin hali, wancan kuwa kowa kaffa-kaffa yake yi da shi. Mukan yanke hukunci nan take, mu ce wannan ɗan albarka ne, wancan kuma baƙar zuciya gare shi. Masana ƙwaƙwalwa sun daɗe suna bin diddigin wannan tambaya, abin da suka gano kuwa ya cancanci iyaye da malamai da ma'aurata da hukumomi su saurare shi da kunnen basira. Ga shi a dunƙule: iya mallakar kai lokacin fushi ko tsoro ko baƙin ciki ya rataya ƙwarai a kan ingancin sadarwar da ke tsakanin sassan ƙwaƙwalwa. Babu wanda aka haifa da wannan sadarwa a kammale. Ginuwa take yi sannu a hankali, tana iya raunana, kuma tana iya gyaruwa.

Bari mu fara da sanin abin da ke cikin kan namu. Ƙwaƙwalwar baligi nauyinta kimanin kilo 1.4 ne, wato wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma ita kaɗai ke cinye kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke amfani da shi. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kamar yadda wata masaniya 'yar ƙasar Birazil, Suzana Herculano-Houzel, da abokan aikinta suka ƙididdige a 2009. Babu ƙwayar da ke aiki ita kaɗai. Kowacce na miƙa wani siririn zare zuwa ga 'yan uwanta, ta aika saƙo ta karɓi saƙo. Zaruruwan da ke tafiya nesa, daga wani sashe zuwa wani, a lulluɓe suke da wani farin kitse mai suna mayelin, wanda ke ƙara wa saƙo sauri. Tarin waɗannan zaruruwa ne likitoci ke kira farin ɓangaren ƙwaƙwalwa, kuma su zancenmu na yau ya fi shafa.

Sassa biyu za mu riƙe sunansu. Na farko shi ne amigdala, wani ɗan curi da ke can ciki, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Aikinta lura da duk abin da ke da muhimmanci ga rayuwar mutum, musamman haɗari. Da ta hango barazana sai ta tashi jiki tsaye: gaba ya faɗi, zuciya ta shiga bugawa da sauri, gumi ya karyo. Tana yin haka tun kafin mutum ya gama tunani, shi ya sa za ka yi tsalle ka ja da baya in ka ga igiya a yashe cikin duhu, sai daga baya ka gane ba maciji ba ne.

Kada wani ya ɗauki wannan sashe abokin gaba. Akwai wata mata a Amurka, wadda masu bincike na Jami'ar Iowa suka sakaya sunanta da haruffan S.M., da wata cuta da ba a cika samu ba ta lalata mata amigdala duka biyu. Da aka kai ta shagon da ake sayar da macizai, ɗaukar ɗaya ta yi tana shafawa, har tana neman taɓa manyan masu haɗari duk da gargaɗin da ake yi mata. A rayuwarta an taɓa ritsa ta da wuƙa, an taɓa ritsa ta da bindiga, domin ba ta jin abin nan da ke sa sauran mutane su kauce wa wurin haɗari. Tsoro ni'ima ne. Fushi ma yana da ranarsa, domin shi ke sa mutum ya ƙi zalunci.

Sashe na biyu shi ne goshin ƙwaƙwalwa, wato ɓangaren da ke bayan ƙashin goshi. A nan ake auna magana kafin a furta ta, a tuna abin da zai biyo baya, a duba matsayin wanda ake magana da shi. Tsakanin wannan goshi da amigdala akwai wani dami na zaruruwa mai lanƙwasa, saƙo na zuwa yana dawowa ta cikinsa. Amigdala ta ce ga haɗari nan, goshi ya duba ya ce gaskiya ne a gudu, ko kuma ya ce a kwantar da hankali, abin bai kai nan ba.

Duk wanda ya taɓa kallon hawan daushe a Kano ya ga yadda mahaya ke sakin dawaki a sukwane su nufo sarki, sai sun zo dab da shi su ja linzami, doki ya turje ya tsaya cak, su yi jinjina. Ƙarfin dokin shi ne adon hawan. Gwanintar mahayi kuwa ba za ta amfane shi ba in linzami ya tsinke. Amigdala ita ce dokin, goshin ƙwaƙwalwa shi ne mahayin, zaruruwan da ke tsakaninsu su ne linzamin.

Tarihin likitanci ya adana labarin wani mutum da nasa linzamin ya tsinke rana ɗaya. Ran 13 ga Satumba, 1848, a jihar Vermont ta Amurka, wani shugaban leburorin shimfiɗa layin dogo mai suna Phineas Gage, ɗan shekara 25, yana danna albarushi cikin ramin dutse da sandar ƙarfe, sai albarushin ya tashi. Sandar, mai tsawon sama da mita 1 da nauyin kilo 6, ta shiga ta kuncinsa na hagu, ta bi ta bayan ido, ta fice ta tsakar kansa. Da yake kwanansa bai ƙare ba, ya rayu, yana magana, yana tafiya, yana gane mutane. Sai dai likitan da ya yi jinyarsa, John Harlow, ya ba da rahoton cewa mutumin da aka sani da natsuwa da iya aiki ya koma mai ashar, mara haƙuri, wanda ba ya karɓar shawara in ta saɓa wa son ransa, har masu aikin suka ƙi mayar da shi kan muƙaminsa. A 2012 wasu masana na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, ƙarƙashin jagorancin John Van Horn, suka yi amfani da hotunan ƙoƙon kansa, wanda har yau ke ajiye a Jami'ar Harvard, suka lissafa ɓarnar. Sandar ta lalata kimanin kashi 4 cikin 100 na saman ƙwaƙwalwar, amma ta shafi kusan kashi 11 cikin 100 na fararen zaruruwan da ke sada sassa. Wato hanyoyin sadarwa ne suka fi jin jiki. Daga baya Gage ya tafi ƙasar Cile, ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki mai ɗaukar fasinja a doguwar hanya, aikin da ke buƙatar kiyaye lokaci da iya zama da jama'a. Masu nazarin tarihinsa na ganin tsarin aikin yau da kullum ya taimaka masa ya farfaɗo da yawancin halinsa kafin rasuwarsa a 1860.

A yau ba sai an jira haɗari ya auku ba. Tun farkon shekarun 1990 aka gano yadda za a yi amfani da na'urar MRI a ga inda jini ke ƙaruwa cikin ƙwaƙwalwa yayin da mutum ke tunani ko jin wani abu a ransa. In aka ga sassa biyu na tashi tare suna sauka tare, ko ɗaya na tashi ɗaya na sauka a kai a kai, sai a fahimci suna sadarwa.

Wani masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Stanford, James Gross, ya bambance hanyoyi biyu na shawo kan zuciya, waɗanda a ido suke kama da juna. Ta farko ita ce dannewa: abu na cin ka, amma ka kame fuska kada a gani. Ta biyu ita ce sake kallon al'amarin: ka canza fassarar da ka yi masa tun kafin ya gama tafasa ka. A ce maƙwabcinka ya wuce bai amsa sallamarka ba. Mai dannewa zai ce a ransa raini ne, ya yi murmushin yaƙe, ya kwana yana saƙa da warwara. Mai sake kallo zai ce wataƙila bai ji ba, ko kuma wata damuwa ce ta ɗauke masa hankali.

A 1998 Gross ya nuna wa mutum 120 fim ɗin tiyatar yanke hannu. Wasu ya umurce su da su ɓoye abin da suke ji, wasu kuma ya ce su kalli abin a natse, su mai da hankali kan yadda ake gudanar da aikin. Duka ɓangarorin biyu fuskokinsu sun kame. Amma masu sake kallo sun ce ƙyamar da suka ji ta ragu, masu dannewa kuwa tasu na nan daram, jikinsu ma ƙara tashi ya yi, gumi ya ƙaru, jijiyoyin jini suka tsuke. A 2008 Philippe Goldin da Gross da abokan aikinsu suka maimaita irin wannan gwaji cikin na'ura. Masu sake kallo, goshin ƙwaƙwalwarsu ya kama aiki tun daƙiƙun farko, amigdala ta lafa. Masu dannewa, goshin ya shigo a makare, amigdala kuwa ƙara ruruwa ta yi. A wani gwaji na 2003 da Emily Butler ta jagoranta, an haɗa mata biyu-biyu waɗanda ba su san juna ba, su tattauna kan wani fim mai tayar da hankali, aka umurci ɗaya a asirce da ta ɓoye abin da take ji. Jinin mai ɓoyewar ya hau, na abokiyar hirarta da ba ta san komai ba shi ma ya hau. Zaman ta ciki na ciki har wanda ke gefe yana shafa.

Mai sauraro, a nan ne maganar ta iso gida. Mu al'umma ce da ta ɗauki kunya da kara da kawaici da daraja, kuma waɗannan ɗabi'u su suka riƙe gidaje da zumunci tun kaka da kakanni. Binciken ma bai ce kame fuska kullum illa ne ba. An gwada tsakanin mutanen da suka tashi cikin al'adun gabashin Asiya, inda kame kai ladabi ne, aka ga illar dannewa a wurinsu ba ta kai ta Turawan Amurka ba. Wanda ya kama bakinsa gaban surukinsa ko malaminsa saboda girmamawa ya yi abin yabo. Matsala na zuwa ne in dannewa ta zama ita kaɗai ce hanyar da mutum ya sani. Ga matar da duk sanda ta kai kuka gida ake ce mata ta yi haƙuri ta koma ɗakinta, ba a tsaya an ji abin da ke damunta ba. Ga magidancin da aka koya wa tun yana yaro cewa namiji ba ya kuka, ba ya faɗin damuwarsa. Waɗannan bakinsu kawai aka rufe, abin da ke cin su yana nan yana ƙaruwa. Irin haka ne rana ɗaya za a wayi gari da mummunan labari, jama'a su riƙe baki suna cewa mai haƙuri bai iya fushi ba. Alƙur'ani mai girma da ya yabi masu haɗiye fushi, a wuri guda ya haɗa su da masu yafe wa mutane. Yafiya kuwa ba ta samuwa sai mutum ya sake kallon laifin da mai laifin. Haƙurin da ke amfanar mai shi shi ne wanda ya wuce fuska ya kai zuci.

Akwai abubuwa biyu masu sauƙi da aka gwada aka ga tasirinsu. A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Los Anjalis suka nuna wa mutane hotunan fuskokin masu fushi da masu jin tsoro. Duk sanda mutum ya zaɓi kalmar da ta dace da abin da fuskar ke nunawa, sai wani ɓangare na goshin ƙwaƙwalwa ya ƙara aiki, amigdala ta sauka. Kiran damuwa da sunanta na rage mata kaifi. A 2006 kuma James Coan ya sa matan aure 16 cikin na'ura, aka shaida musu cewa ana iya ɗana musu lantarki kaɗan a ƙafa. Da suka riƙe hannun mazajensu, sassan da ke amsa barazana sun lafa sosai. Hannun baƙo ya taimaka, amma kaɗan. Matan da suka fi jin daɗin zaman aurensu su suka fi samun sauƙi. Ashe mutumin da ka amince da shi yana ɗauke wa ƙwaƙwalwarka wani kaso na aikinta.

Yanzu ga tambayar da ta fi kowacce nauyi: yaushe ake gina wannan sadarwa, kuma wa ke gina ta? Amigdala na kama aiki tun yaro na goye. Goshin ƙwaƙwalwa kuwa yana cikin sassan da suka fi jinkirin nuna, zaruruwan da ke sada shi da amigdala ba sa gama ƙwari sai mutum ya haura shekara 20. A 2013 Dylan Gee da Nim Tottenham da abokan aikinsu suka duba yara da matasa daga shekara 4 zuwa 22, suka ga sai wajen shekara 10 ne sadarwar ke juyawa ta ɗauki salon manya, inda tashin goshi ke tafiya da saukar amigdala. To kafin nan wa ke kwantar wa yaro da hankali? A 2014 suka nuna wa yara hoton mahaifiyarsu suna cikin na'ura, sai amigdala ta lafa, sadarwar ta ɗauki salon manya na wannan lokaci. A wurin matasa hoton bai yi wannan tasiri ba. Ƙaramin yaro aron natsuwa yake yi daga babba har tasa ta ginu. Uwar da ta ɗauki ɗanta mai kuka ta rarrashe shi, da kakar da ta goya jika tana jijjiga shi har ya yi barci, aikin gini suke yi, kada a ce musu suna shagwaɓa yaro.

Ƙasar Romaniya ta koya wa duniya wannan darasi da tsada. A 1966 gwamnatin Nicolae Ceausescu ta kafa dokar tilasta yawan haihuwa, talauci kuwa ya sa iyaye da dama suka riƙa miƙa 'ya'yansu ga gidajen rainon gwamnati. Da gwamnatin ta faɗi a Disamba 1989, aka tarar da yara sama da 100,000 a waɗannan gidaje, jarirai jere a gadaje, babu mai ɗaukarsu, babu mai yi musu wasa. A 2000 wasu masana uku daga Amurka, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, suka fara bin rayuwar yara 136 a birnin Bukares, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Yaran da suka ci gaba da zama a gidajen rainon, farin ɓangaren ƙwaƙwalwarsu ya gaza na tsararrakinsu da suka tashi gaban iyaye. Waɗanda aka ba riƙo kuwa sun kusa cim ma tsararrakin nasu ta wannan fuska. Waɗanda aka ɗauke kafin su cika shekara 2 su suka fi murmurewa, a shaƙuwa da mutane da kuma yadda jikinsu ke amsa damuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A Landan kuma, a 2011, Eamon McCrory ya duba yara 20 da suka tashi a gidajen da ake duka da tashin hankali. Da aka nuna musu fuskar mai fushi, amigdalarsu ta zabura fiye da ta sauran yara, irin zaburar da aka gani a ƙwaƙwalen sojojin da suka dawo daga fagen fama. Ƙwaƙwalwar yaron ta koyi zama cikin shirin ko-ta-kwana, domin haka rayuwa ta nuna mata. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam kuwa iri ɗaya ce a Landan da Bukares da Gusau. Wannan ya isa ya sa mu tsaya mu yi tunani kan yaran Borno da Yobe da Diffa da suka buɗe ido cikin rikici, da na Zamfara da Katsina da Sakkwato da suka kwana a daji suna gudun 'yan bindiga, da ɗan shekara 5 ko 6 da aka raba da uwarsa aka kai wani gari, ya kwanta da yunwa babu mai rarrashi. Irin wannan yaro in ya girma da firgita ko saurin hannu, bai kamata mu tsaya kan kiransa mara tarbiyya ba, sai mu tambayi kanmu wa ya tsaya masa lokacin da yake buƙata.

Ko a wurin baligi, akwai abubuwan da ke sassauta wannan sadarwa. Na farko rashin barci. A 2007 Matthew Walker da abokan aikinsa suka raba matasa 26 gida biyu, aka hana rabi barci na kimanin sa'a 35, sannan aka nuna wa kowa hotuna masu tayar da hankali. Amigdalar waɗanda ba su yi barci ba ta zabura da ƙarin kashi 60 cikin 100, sadarwarta da goshi kuma ta yi rauni. Direban da ya kwana kan hanya, da ma'aikaciyar jinyar da ta yi aikin dare, da mai jegon da jariri ya hana runtsawa, da saurayin da ya raba dare yana latsa waya, duk suna wayar gari da guntun haƙuri. Na biyu damuwa mai tsawo. Na uku shaye-shaye. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da hukumar ƙididdiga ta Nijeriya, a rahotonsa na 2018, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol da kodin suka sha ba bisa umurnin likita ba. Da yawa kan fara ne don neman sauƙin damuwa. Sai dai jarabar ƙwaya na raunana ikon goshin ƙwaƙwalwa, ta bar mai ita cikin ƙunci da harzuƙa duk sanda ta sake shi, musamman matashin da ginin ƙwaƙwalwarsa bai kammala ba.

Abin farin ciki shi ne ƙwaƙwalwa na karɓar gyara. A 2009 Conor Liston ya duba ɗaliban likitanci 20 a birnin Niyok suna tsaka da shirin babbar jarrabawa, ya ga sadarwar goshin ƙwaƙwalwarsu ta rikice. Bayan wata 1 da wucewar jarrabawar, ta koma daidai. Maganin tattaunawa da ƙwararru ke yi wa masu fama da fargaba da baƙin ciki, babban ɓangarensa koyar da sake kallon al'amura ne, a yi ta maimaitawa har ya zama jiki. Malamanmu kuma sun daɗe suna karantar da mai fushi cewa ya yi shiru, ya nemi tsari, in yana tsaye ya zauna, ya tashi ya yi alwala. Kowanne daga cikin waɗannan yana ba goshin ƙwaƙwalwa 'yan daƙiƙun da yake buƙata ya shigo cikin maganar kafin hannu ko harshe ya riga shi.

Gargaɗi biyu kafin mu rufe. Na farko, kada wani ya yaudare ka cewa zai ɗauki hoton kanka ya faɗa maka halinka. Wani babban nazari da aka buga a mujallar Nature a 2022, wanda ya duba bayanan kusan mutum 50,000, ya nuna cewa sai an tara dubban mutane kafin a dogara da alaƙar da ake gani tsakanin hoton ƙwaƙwalwa da halin mutum. Gwaje-gwajen da muka ambata suna nuna yadda abin ke aiki ne a tsakanin jama'a, ba su zama ma'aunin mutum ɗaya ba. Na biyu, wannan ilimi bai wanke mai laifi ba. Wanda ya doki matarsa ko ya zagi iyayensa ba zai fake da amigdala ba. Sanin cewa ana iya gyara abin ƙara masa nauyi ya yi, domin yanzu ba shi da hujjar cewa haka Allah ya yi shi.

Saboda haka muna kira ga iyaye: ku rarrashi ƙanana, ku koya musu faɗin abin da suke ji, ku nisanta su da ganin faɗanku. Malaman boko da na allo, ku tuna yaron da ke cikin firgici ba ya ɗaukar karatu yadda ya kamata. Magabata da ake kawo wa ƙara, ku saurari mai kuka har ya gama kafin ku ba shi haƙuri. Gwamnatoci, tun da an sa hannu kan dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya a Janairu 2023, a fitar da kuɗin aiwatar da ita, a kai masu ba da shawara sansanonin 'yan gudun hijira da ƙananan asibitocin karkara, kada a bar aikin ga asibitocin Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau kaɗai.

Kai kuma mai sauraro, ka ba jikinka haƙƙinsa na barci, ka nemi amini ɗaya da za ka riƙa faɗa wa damuwarka. In ka ga fushi ko tsoro ko baƙin ciki ya hana ka aiki, ya hana ka barci, ko ya fara sa ka cutar da kanka ko iyalinka, ka je asibiti ka ga likita. Ciwo ne mai magani, kuma zuwa neman maganinsa ba abin kunya ba ne. 'Yan uwa su raka shi, kada su yi masa gori.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.